Kafin Mu Lulluɓe Benayen Kaduna Da Gilashi

Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello ko na Yakubu Gowon a 'yan shekarun nan, ba zai kasa lura da sabon yayin da ya shigo wa magina ba. Bankuna da kantuna da ofisoshi, kowa so yake fuskar gininsa ta zama gilashi tun daga ƙasa har sama, tana walƙiya kamar madubin amarya. Kyau kam akwai shi. Amma tun da yake wannan yayi zai iya kaiwa ga gine-ginen da ake yi da kuɗin jama'a, ya kamata mu tsaya mu yi lissafi.

Da farko dai, irin wannan bango ba ya ɗauke da nauyin gini ko kaɗan. Ginshiƙai da daɓen kowane hawa su ke ɗaukar nauyi, shi kuwa gilashin rataya shi ake yi daga waje a kan firam na alminiyom, kamar yadda ake rataya labule, sa'an nan a toshe haɗin da roba da danƙon silikon. Abin ya samu karɓuwa ne a birnin New York na Amurka, inda aka kammala benen Lever House a shekarar 1952. Can kuwa ƙasar sanyi ce, inda suke maraba da rana a rabin shekara.

Mu fa? Kaduna na kusa da tsakiyar duniya, kuma a watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 35. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, ya gasa tebur da daɓe da takardu, amma ba ya barin zafin ya fita da sauƙi. Wanda ya taɓa barin motarsa a rana da tagogi a rufe ya san abin da nake nufi. Bangon da ke kallon yamma shi ya fi shan wuta, daidai lokacin da ma'aikaci ke ƙoƙarin kammala aikin ranar. Ga shi kuma yawancin irin wannan bango ba shi da tagar kirki da za a buɗe, saboda haka numfashin ginin kacokan ya rataya ne a kan na'urar sanyaya ɗaki.

To, ita na'urar da me za ta yi aiki? Idan mai karatu bai manta ba, a watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama, har da Kaduna, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro, wani layin kuma ya samu matsala. Kafin nan, a watan Afrilu na shekarar, an ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Ofishin da ba ya zaunuwa sai da janareto, ranar da kuɗin dizal ya yanke ya zama tanderu, magatakarda da masinja duk sai su koma gindin bishiya.

Sai kuma hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ba ta raga wa kowa, kuma gilashin hawa na takwas ba da tsumma da bokiti ake goge shi ba, sai da keji mai sauka daga rufi da ƙwararrun ma'aikata. Benen Burj Khalifa na Dubai, wanda aka buɗe a 2010, watanni ake ɗauka kafin a zagaye shi da wanki. Mu da gyaran famfon ofis yakan jira kasafin baɗi, wa zai ɗauki wannan nauyi? Danƙon haɗin ma yana tsufa a rana, in ya tsage ruwan damina ya sami hanya. Ko a Amurka an ga aya: benen John Hancock na Boston ya riƙa zubar da gilasansa a 1973, sai da aka sake fiye da dubu goma.

Ba cewa nake a haramta gilashi ba. Akwai mai ruɓi biyu, mai shafin da ke mayar da zafi, sai dai da tsada, kuma galibi daga waje ake shigo da shi, shi ya sa wasu 'yan kwangila ke saka mai launi kawai su ce an gama. Akwai kuma dabarar yi masa inuwa daga waje, wadda ba baƙuwa ba ce a nan: tsofaffin ofisoshin gwamnati na wannan gari da baranda da tagogi masu buɗewa aka yi su, har gobe kuma ana zama a cikinsu in an ɗauke wuta.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 ta ce in tagogi suka wuce kashi 20 cikin 100 na bango, to a yi musu inuwa. Hukumar KASUPDA ce ke ba da izinin gini a Kaduna. Muna kira gare ta da ta riƙa neman amsa uku a rubuce kafin ta buga hatimi a kan zanen kowane dogon bene: wane irin gilashi ne, taga nawa ce za ta buɗe ranar da babu wuta, kuma daga aljihun wa kuɗin wankinsa zai fito duk shekara.