Mai sayar da kwikwiyo, ina takardar allurar uwarsa?

Wata sana'a ta shigo mana gari, daga Yamai har Maraɗi da Damagaram: samari na tara manyan karnukan waje, irin su Baje na Jamus da Rottweiler, suna haɗa su barbara, suna tallar ƴaƴan a Facebook da WhatsApp. Ban ƙi yaro ya nemi na kansa ba. Abin da na ƙi shi ne neman kuɗi da rai, ba ilimi, ba tausayi, ba tsoron abin da zai faɗa wa ƴaƴan maƙwabta.

Mu fa jikokin makiyaya ne. Ba mai barin gurgun bunsuru ya hau jar akuyar Maraɗi, kuma a tashar Tukunus zaɓen bijimin Azawak ake yi kafin a sake shi cikin shanu. To, don me kare kaɗai ake haɗa wa da ƙanwarsa, uba da ɗiyarsa, ko yaushe karya ta nemi namiji a kai mata, har ta rame ta zama ƙashi da fata?

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka nan cuta ma gado take bi. Manyan karnukan nan suna da ciwon gaɓar ƙugu da ake gada: kan ƙashin cinya bai zauna daidai cikin raminsa ba, kwikwiyo ya taso kyakkyawa, kafin ya girma ya fara ɗingishi. Da ido ba a gane shi, sai an ɗauki hoton ƙashi bayan kare ya cika shekara. A Jamus, ƙungiyar masu Baje da aka kafa a 1899 ba ta yarda a haɗa kare sai an duba hoton ƙugunsa da na gwiwar ƙafarsa ta gaba. Mu nan launin gashi da girman kai kawai muke kallo. Akwai kuma wani ƙari mai jini da ke fitowa a al'aurar kare, wanda barbara ke yaɗawa. Namiji ɗaya da ake yawo da shi gida gida ya isa ya shafa wa kartiye duka.

Za a ce ba kowane gari ke da na'urar hoton ƙashin dabba ba. Na yarda. Amma likitan dabbobi fa? Allurar riga-kafi fa, da maganin tsutsar ciki da na kaska? Wanda bai iya biyan waɗannan ba, bai isa ya haɗa karnuka ba. Karya na ɗaukar ciki wajen kwana 63, kuma bai kamata a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati 8 ba. Mai gaggawar kuɗi yakan sayar da shi yana ɗan wata guda, gudawa mai jini ta kashe shi a hannun yaron da ya tara kuɗinsa dala dala.

Iyaye da yawa za su ce: ni ba ni da kare, ba ruwana. Ranka ya daɗe, da ruwanka. Hukuncin ajiye kare na bar wa malamai, amma cizo ba ya tambayar ra'ayin mai gida. Kwikwiyon da bai sayu ba, da karen da ya gurgunce, titi ake jefa su, kuma titin ne ɗalibaina ke bi zuwa lakwal da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon suka bayyana, sai dai addu'a. Alhali allurar da ake yi wa kwikwiyo daga wata 3 tana hana shi.

Abin takaici, muna da namu karen. Karen Azawak, na arewacin Tawa, siriri mai jure zafi, Turawa suka ɗauke shi tun shekarun 1970, suna rubuta asalinsa kaka da kakanni. Mu kuwa muna ɗaure mai gashin ƙasar sanyi a rana cikin Afrilu, muna kiran hakan wayewa.

Ga abin da nake nema. Uba, in ɗanka zai sayi kwikwiyo, ka je da kanka ka ga uwar, ka ga yadda take tafiya, ka nemi takardar allurarta mai hatimin likita. Babu takarda, babu ciniki. Mai kare, in ba ka shirya riƙon ƴaƴa ba, ka kai shi a dandaƙe shi, karya kuma a cire mata mahaifa. Abokan aikina malamai, ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da haukan kare, daf da komawa lakwal. Mu buɗe shekara da darasi ɗaya: in kare ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ka faɗa wa babba, a tafi likita ranar nan. Yara da yawa ɓoye cizo suke yi don tsoron duka. Mu cire masu wannan tsoro.