A Bar Ƙannenmu Su Yi Wa Spider-Man Kala



A wannan makon muna so mu yi magana a kan ƙannenmu na nazare da aji ɗaya na firamare. Duk mai ƙani ko ƙanwa a gida ya san yadda suke son Spider-Man da Superman da Batman. Suna jikin jakunkunansu, suna jikin rigunansu, har jikin gorar ruwa. Ra'ayinmu shi ne a ci moriyar wannan so. A ba su hotunan jaruman nan waɗanda ba a sa wa launi ba, a ba su fensirin kala, a ƙyale su su cika. Mun san wasu manya za su ce ɓata lokaci ne, gara yaro ya zauna ya rubuta haruffa. Da girmamawa, mu dai ba mu yarda ba.

Hannun mutum yana da ƙasusuwa 27. Na ƙaramin yaro ba su gama ƙwari ba, musamman na wuyan hannu, da yawansu guringuntsi ne tukuna. Shi ya sa za ku ga ɗan shekara biyu ya damƙe fensir da hannunsa duka kamar mai riƙe muciya. Sai wajen shekara huɗu zuwa shida yawancin yara suke iya riƙe shi da yatsu uku, wato babban yatsa da manuni da na tsakiya. Wannan riƙon ba ya zuwa da tsawa, ba ya zuwa da bulala. Sai yatsun sun yi ta aiki kullum har sun saba. Idan aka sa yaro cika shafi guda da harafi ɗaya, hannunsa ya gaji, ya fara kuka, sai a ce masa malalaci. Amma a miƙa masa hoton Superman a gani, sai an yi da gaske kafin ya tashi cin abinci. Aikin da yatsunsa suke yi kuwa duk ɗaya ne.

Su kansu hotunan hawa-hawa ne. Alkyabbar Superman ja ce mai faɗi, ta dace da ɗan farawa, ya yi ta gogawa son ransa. Daga nan sai tambarin ƙirjinsa, ja da ruwan ɗorawa, wanda yake da lanƙwasa. Mafi wuya shi ne Spider-Man, domin layukan yanar gizo sun raba rigarsa gida-gida ƙanana, dole yaro ya tsayar da fensir a bakin kowane layi. Wanda ya iya wannan tsayawar ba zai sha wuyar lanƙwasa kan ƙ da ɗ da ɓ ba. Kada mu manta ƙannenmu aiki biyu ne a gabansu: boko daga hagu zuwa dama, allo daga dama zuwa hagu, duk da hannu ɗaya.

Wani abin mamaki, guntun kala ya fi dogo amfani. Guntu ba ya damƙuwa, dole sai da kan yatsu. Haka nan idan aka manna takardar a bango, kamar yadda muka manna wannan mujallar tamu, wuyan hannu da kafaɗa su ma suna samun ƙarfi.

Akwai masu cewa ai jaruman Turawa ne. Gaskiya ne, a Amurka aka ƙirƙiro su: Superman a 1938, Batman a 1939, Spider-Man a 1962. To amma me zai hana mu zana namu? A zana Sarauniya Amina ta Zazzau a kan doki da sulkenta. Zobban sulke ma sun fi yanar gizo ƙanƙanta. A zana Bayajida a bakin rijiyar Kusugu ta Daura. Gizo kuwa muna da namu tun kafin a haifi nasu, sai dai namu wayo ya iya, ba ya ceton kowa. Iyayen da ba sa son hoto mai fuska su ma akwai mafita. A ba yaro garkuwar Captain America mai zobba da tauraro, ko irin adon zayyana da na hula.

Roƙonmu ga yayye, idan ƙaninka ya yi wa Batman kore, ko ya tsallake layi, kada ka ƙwace ka gyara masa. Nasa ne. Idan ya gama, juya masa bayan takardar ya zana nasa jarumin da kansa. A kuma gaya masa cewa tsalle daga kan katanga na cikin fim ne kawai.

Saura maganar kuɗi, don mun san ba kowane gida ne zai sayi littafin kala ba. Mu 'yan ƙaramar sakandare muna da guntayen fensirin kala da muke yarwa, muna da ragowar shafuka a tsofaffin littattafanmu, kuma kowane aji yana da mai iya zane, mun san su, su ne suke cika mana bayan littafi da motoci. Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu izinin ajiye kwali ɗaya a ƙofar ofishin malamai domin tara guntaye. Masu zane kuma su same mu ranar Juma'a lokacin tara, kowa ya zo da baƙin biro, domin layin hoton yana bukatar ya fito da kauri.