Fukafukan Elytra: kwalliyar da ba ta biyan kuɗin sabulu

A cikin masu wasan Minecraft akwai wata magana da ta zama kamar doka: wai duk wanda bai mallaki fukafukan Elytra ba, bai fara wasa ba tukuna. Masu bidiyon YouTube ne suka yayata ta, ta bi waya ta shiga garuruwa da ƙauyuka, har ta kai matashi a Kunduru ko Kankia zai iya raina gidan da ya gina da gonar da ya shuka a cikin wasan don kawai bai iya tashi sama ba. Ra'ayina shi ne wannan magana kuskure ce. Ga mai wasa da waya a irin yankinmu, wahalar neman fukafukan ta fi amfaninsu, kuma ko sun samu, suna rage wa wasan abin da ya sa aka so shi tun farko.

Mu fara da tarihi, domin shi ke warware batun wajabci. Markus Persson ya fito da Minecraft a Suwidin a 2009, cikakken wasan ya fita a 2011, Microsoft ya saye Mojang, kamfanin da ke yin wasan, a 2014 kan dala biliyan 2.5. Elytra bai shigo ba sai a 2016. Ke nan wasan ya yi shekara bakwai yana mamaye duniya, har ya kai wannan daraja, ba tare da fukafukan ba. Abin da ya ja mutane shi ne haƙa, gini, noma da kiwo a duniyar da babu mai ba ka umarni. Abin da aka ƙara daga baya ba zai zama ma'aunin wanda ya iya wasa ba.

Sai a duba abin da ake biya kafin a same su. Mai nema zai fara da shiga Nether, duniyar wuta ta cikin wasan, ya nemo sansanin da halittun wuta suke, ya kashe su ya tara sandunansu. Zai farauci halittun Enderman don lu'ulu'unsu, ya haɗa idanun da za su nuna masa inda ƙofar End, duniyar ƙarshe ta wasan, take a ƙarƙashin ƙasa, ƙofar da kan ci ido har 12. Bayan ya kashe dodon End, sai ya tsallaka zuwa tsibiran da ke nesa da kusan tubali 1,000, ya yi ta yawo yana neman birni, kuma ba kowane birni ke da jirgin da fukafukan ke rataye a ciki ba. Duk wannan tafiya ta End a kan rami marar ƙarshe ake yin ta, wanda ya faɗa ya rasa duk abin da ke jikinsa. Mai kwamfuta da linzami yana da sauƙin kauce wa haɗarin. Mai taɓa gilashin waya da yatsu biyu, zamewa ɗaya ta isa ta cinye masa aikin makonni.

A Kunduru kuma lokaci da caji ba kyauta ba ne. Wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce, yawancin waya sai ta je wurin mai caji ko ta jira sola. Wasan kansa yana tafiya ba intanet, amma bidiyon koyon hanyar End data yake ci, kuma tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100. Matashin da ke da aikin gona da damina, da Islamiyya, da jarrabawar WAEC ko NECO a gabansa, sa'a ɗaya ko biyu yake samu. Ya kashe su wajen maimaita wahalar da wani ya tsara masa, ko ya gina abin da ya fito daga kansa?

Ko bayan an same su, kashe kuɗi bai ƙare ba. Ƙarfin fukafukan 432 ne, kowace daƙiƙa ta tashi tana cin ɗaya, wato minti 7 da 'yan daƙiƙoƙi sun daina aiki sai an gyara. Su kaɗai ba sa hawa sama, lilo kawai suke yi zuwa ƙasa, sai an riƙa harba roka, ita kuma roka sai da takarda da albarushi. Don haka dole a noma rake don takarda, a yi ta kashe halittun Creeper don albarushi. Fukafukan kuma suna zama a gurbin sulken ƙirji, mai sanye da su ya rasa babbar garkuwarsa, kuma karo da dutse cikin gudu kisa ne. Kamar wanda ya ci bashi ya sayi babur ne, sannan ya gane kullum sai ya nemi kuɗin mai da na bakanike.

Masu kare fukafukan za su ce sauri fa? Gaskiya ne, da roka ana wuce tubali 30 a daƙiƙa, alhali mai gudu da ƙafa bai kai 6 ba. Amma wasan ya daɗe da ba da wasu hanyoyi. Tubali ɗaya a Nether daidai yake da 8 a duniyar sama, don haka ƙofofin Nether biyu da gajeren rami sun haɗa garuruwa masu nisa. Kwalekwale a kan shuɗiyar ƙanƙara yana kai kusan tubali 70 a daƙiƙa, ya ninka fukafukan. A Yunin 2025 Mojang ya kawo Happy Ghast, dabbar da ke tashi da mutum huɗu ba sai an je End ba, ya kuma ba da damar ƙera sirdin doki da hannu. Sannan waya mai ƙaramin ƙarfi ba ta iya zana ƙasa da saurin da mai fukafukai ke tafiya, sai ta yi zafi, ta riƙa tsinkewa, batir ya zube. Saurin da wayarka ba za ta ɗauka ba, ba naka ba ne.

Za su kuma ce ai wahalar ita ce daɗin, kuma akwai sihirin Mending da ke gyara fukafukan da kansu. Na yarda, wanda ke son yaƙi da dodo ya je ya yi, wasa ne. Na kuma yarda mai gina katafaren birni a kwamfuta zai amfana. Amma wannan zaɓi ne na wasu, ba sharaɗi a kan kowa ba. Hasali ma wanda ya kai biranen End, abin da ya fi cancanta ya kwaso shi ne ƙwanson halittar Shulker, wanda da shi ake yin akwati mai gurbi 27 da ake ɗauka da kayansa a ciki. Wannan yana taimakon gini kullum.

Babbar asarar ita ce wadda ba a lissafawa. Mai tafiya a ƙasa dole ya san ƙasar: ya share hanya, ya kafa gada, ya shimfiɗa layin dogo, ya sa alama a mararraba. Waɗannan ayyuka suna nan bayan an gama su, abokin wasa ma ya bi ta kai. Mai fukafukai ba ya bukatar ko ɗaya, shi kaɗai yake cin moriyarsu, duniyarsa kuma ta koma wurare biyu ko uku da sarari a tsakani. Saboda haka shawarata ga matasanmu ita ce su daina auna kansu da masu bidiyon da sana'arsu ke nan kuma da ita suke cin abinci. Wanda cajinsa na sa'a biyu ne, ya zuba shi a hanya da gona da gini, in ya ga dama daga baya ya je End don nishaɗi.