Kalankuwa a Inuwar Hawan Sallah

Tun da hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024, hankali ya ƙara karkata ga birni, inda hakimai, ciki har da na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, kan shiga da dawakinsu domin yin jafi, wato sukuwar gaisuwa a gaban sarki. Karramawar ta cancanta, sai dai ta bar bukukuwan karkara a baya, musamman kalankuwa, bikin kaka da samari da 'yan mata kan yi bayan an shigar da amfanin gona rumbu, inda ake kokawa da dambe da kiɗa, wanda kuma yake ja da baya saboda cin rani da sukar wasu malamai kan cuɗanyar maza da mata. Amma akwai abin koyi: a garin Lucban na ƙasar Filifin, bikin godiyar girbi da ake kira Pahiyas, wanda ake yi kowace ranar 15 ga Mayu, yana jawo baƙi da ciniki saboda hukumar garin ta ɗauki nauyin tsara shi. Haka ma ƙananan hukumomin kudancin Kano, da suke noma shinkafa da masara mai yawa, na iya tsayar wa kalankuwa rana da fili, tare da gyara abin da malamai suke kuka da shi.