Ƴan kasuwar Arewa da darasin korona

Ranar 19 ga watan Maris na shekara ta 2020 hukumomi suka tabbatar da ɓullar cutar korona a Nijar. Kwana takwas bayan haka shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya kafa dokar ta-ɓaci, aka hana fitar dare a Yamai, aka killace birnin. Ga mazaunin Dogondutsi ko Tibiri wannan bugu na biyu ne, domin tun watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ta raba Arewa da kasuwannin jihar Kabi irin su Bacaka da Kangiwa. Hanyar yamma ta toshe ga fasinja, iyaka ta toshe ga kaya, ga dankalin turawa an tone shi a lambunan Dutsi, zafin bazara kuwa ba ya jiran kowa.

Wanda ya saba baza kaya ya jira mai saye, shi ya fi jin jiki. Wanda ya san masu sayensa da suna, yana riƙe da lambobin wayarsu, ya sami mafita. Saƙon murya na WhatsApp bai bukatar karatun lakwal: a ɗauki hoton buhu, a faɗi farashi, a ɗora wa direban da aka amince da shi, kuɗi su iso ta Nita ko Al Izza. Ciniki ya ƙullu ba tare da mai kaya ya bi kilomita kusan 270 zuwa Yamai ba. Mai butiki ya farke buhun shinkafa ya ƙulla daidai aljihun talaka, mai ƙuli-ƙuli ta aika kaya har gida bisa kabu-kabu, tela ya koma ɗinkin takunkumi. Duk waɗannan dabaru a kan amana suka tsaya. Wanda ya ninka farashin sabulu a ranar tsoro ya ci ribar mako guda, ya sayar da sunansa.

Ma'aikatan gwamnati suna da kaso a wannan zance. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke ɗaukar kaya bashi zuwa ƙarshen wata, shi ne ginshiƙin ƙaramin butiki. In ya karɓi albashi ya kauce wa littafin bashi, jarin maƙwabcinsa ya karya.

Ita gwamnati fa? A watan Mayu na 2020 ta ƙulla yarjejeniya da bankuna a kan rancen miliyar 150 na sefa, miliyar 50 daga ciki domin ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Sai dai banki takardu yake tambaya: rajistar kasuwanci, lambar haraji, jingina. Mai tebur a Matankari ko mai awon gero a Gesheme a ina zai samo su? Tallafin da aka auna da mudun manyan ƴan kasuwar Yamai da wuya ya kai rumfar ƙauye.

Hukumar lafiya ta duniya ta janye dokar gaggawa kan korona a watan Mayu na 2023. Ba a cika wata uku ba, juyin mulkin 26 ga Yuli ya jawo takunkumin CEDEAO, iyaka ta sake rufuwa har zuwa watan Maris na 2024. Rufe hanya ya zama abin da ɗan kasuwar Arewa zai riƙa sawa cikin lissafinsa kamar yadda manomi yake lissafin fari.

Saboda haka wajibi ne ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na masu lambu su haɗa kuɗin mota da na ma'ajiya, domin kada dankali ya fita duka a mako guda farashi ya faɗi warwas. Su riƙa sanar da farashin kasuwannin mako ta rediyoyin karkara, su nemi masu saye a Doso, Konni da Tawa, su daina rataya komi a wuyan Yamai. Hukumomin gari, su da ke karɓar fatanti da kuɗin rumfa, su rubuta sunayen masu biya, rasit ɗin ya zama shaidar neman rance. Wanda aka san inda yake ranar karɓar haraji, bai kamata a ɓace hanyar rumfarsa ranar rabon tallafi ba.