Masu gyaran kwamfuta a Tahoua, ku bar sa wa sabuwar na'ura Windows 7

Yau da masu gyara nike, kuma ba zan rufa ba.

Ɗan uwa ya sha wuya a Abijan ko Libiya, ya tara, ya aiko wa ƙanensa sabuwar kwamfuta don karatu a jami'ar Djibo Hamani. Yaro ya kai ta a sa mishi Word da Excel. Sai mai gyara ya leƙa, ya ce: "Wanga Windows nauyi gare shi, bari in yi formate in sa maka 7." Shi ke nan, an goge Windows na halal da aka biya kuɗinsa cikin farashin na'ura, an zuba na sata daga wani kile da ya zagaye rabin gari.

Microsoft ta daina toshe ɓarakar Windows 7 tun ranar 14 ga Janairun 2020. Na XP kuwa tun Afrilun 2014. Chrome ya tsaya a lamba 109 a kan Windows 7, farkon 2023, daga nan bai ƙara gaba ba. To da wannan ne ɗalibi zai buɗe imel ɗinsa, ya cika takardun neman tallafin karatu? A watan Mayun 2017 birus ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa maida marasa lafiya gida, kuma galibin na'urorin da ya kama Windows 7 ne da ba a sabunta ba.

Ita kanta na'urar ba ta yarda. Windows 7 ya fito a 2009, bai san USB 3 ba, bai san sababbin faifan ajiya na NVMe ba. Tun daga Intel zubi na bakwai da Ryzen na AMD, Microsoft ta ce ba ruwanta da 7 a kansu. Shi ya sa ake tilasta shi da dabaru, daga baya wifi ya ɓace, sauti ya ɗauke, batir ya riƙa zuba kamar tulu mai huji, a garin da wuta ke ɗaukewa lokacin zafi. Wanda ke Abalak ko Cintabaradan sai ya sake biyan mota ya dawo wurin wanda ya ɓata mishi.

Na san amsarku: sabon Windows yana cinye forfe da sabuntawa, kuma tsohuwar na'urar buga takardu ba ta aiki da shi. Ta farko gaskiya ce, amma akwai wurin da ake gaya wa Windows cewa intanet ɗin na awo ne, ya rage ja. Minti biyu ne. Ta biyu kuma, mai shagon buga takardu ya aje tsohuwar kwamfuta guda don wannan aiki, kar ya haɗa ta da intanet. Ba hujja ba ce ta lalata ta ɗalibi. Maganar ita ce 7 kuka iya, hannu ya saba, koyon sabo kuke gudu.

Wanda aka riga aka yi wa, ya sani: yawancin sababbin na'urori lasisinsu na nan ajiye cikin allon na'urar, formate ba ya goge shi. Ka koma ka ce a maida maka irin Windows ɗin da ta zo da shi, zai kunna kansa da ka hau intanet. Kar ka biya kuɗin lasisi.