Yaranmu Su Koyi Gina Gida, Ba Tallar Fili Kaɗai Ba



Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, matasanmu da yawa sun juya zuwa harkar filaye da gidaje. Wannan bai dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne shawarar da wasu manyanmu ke ba su: wai su tara kuɗi su sayi fili su ajiye, kafin nan kuma su riƙa dillanci, domin ƙasa ba ta ruɓewa. Mu a ƙungiyance ba mu yarda da wannan shawara ba.

Harkar nan hanya biyu ce. Akwai mai saye ya jira farashi ya tashi, ko ya zuba 'yan haya. Akwai kuma mai ɗaukar fili ya fitar da zane, ya nemi izini, ya haɗa ma'aikata, ya tsayar da gini. Ta farko jari take so, ta biyu ilimi. To yaron da aka ƙwace wa babur, wane jari gare shi? Alhajin da ya sayi fuloti a Ibeju-Lekki tun kafin matatar Ɗangote ta tashi ya ci riba, ba mu musa ba. Amma shi yana da shagon da ke ciyar da iyalinsa duk shekarun da ya yi yana jira. Yaron da ya zuba duk abin da ya mallaka a fuloti ɗaya, me zai ci kafin ranar?

Sannan wane fili ma yake saye? Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Filin da ke da takardar mallaka, wato C of O, in za a sayar sai da sa hannun amincewar gwamna. Mafi yawan abin da yaranmu ke iya saye ba shi da ko ɗaya, rasit ne kawai daga wani gida na masu ƙasa. Gobe wani reshen gidan ya zo ya ce bai san da ciniki ba. Jibi omo-onile su tsaya a kan kuɗin tono, kuɗin katanga, kuɗin rufi, duk da dokar da Legas ta yi a kansu tun 2016. Irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna yawan zuwa gabanmu, kuma baƙo marar takarda shi ke kwana a ciki. Mafi muni, idan dillali ɗanmu ne, ɗan uwansa Bahaushe yake jawowa, don shi ne zai yarda da shi. La'ada ta ƙare cikin mako guda, gaba ta rage tsakanin gidaje biyu har can gida Arewa.

Yanzu ku leƙa duk inda ake gini daga Agege zuwa Ajah. Wa ke tonon harsashi? Wa ke dakon bulo da yashi, wa ke kwana gadin rodi da siminti? Mu ne. Amma birkila da mai tayil sau da yawa daga Kwatano ko Togo suke, mai kwangila kuma wani ne daban. Shekara da shekaru muna cikin wurin, ba mu matsa daga kan shebur ba. Wannan ne abin kunyar, ba rashin fuloti ba.

Za a ce gini yana da haɗari, siminti kullum tashi yake, kuma kowa ya ga benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a watan Nuwamban 2021 ya kashe mutane fiye da 40. Gaskiya ne. Sai dai wannan hujja ce ta a yi karatu, ba ta a gudu ba. Kuma ba mu ce yaro ya fara da bene ba. Ya fara da aikin wani, da kuɗin wani, yana karɓar lada yana koyo: yadda ake karanta zane, yadda ake lissafin kaya, yadda ake neman izinin gini. Wanda ya gama sakandare, Kwalejin Fasaha ta Yaba tana nan tun 1947, tana ba da difloma a fannin gini da ƙididdigar kayan gini. Wanda bai yi boko ba, ya bi ubangida shekara 3 ko 4 ya iya birkila, wayarin ko famfo. Mai wannan sana'a ko an kore shi daga Legas, da ita zai sauka a Kano ko Gusau. Fuloti kuwa ba ya shiga mota.

Saboda haka muna kira ga alhazanmu masu gini a Agege, Idi-Araba da Mile 12: duk wanda zai ba da kwangila, ya sa sharaɗin a ɗauki yaranmu biyu koyon aiki, ba dako ba. Iyayen da ke son a sa sunan ɗansu su same mu bayan sallar Juma'a, su zo tare da yaron.

Sakatare